Tshumu, San Jana'izar Ntate

Idan mutum ya yanke shawara, ranar da ya yanke ta kowa ya ce daidai ne, daga baya zamani ya juya shawarar ta zama masifa, laifin wa ke nan? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, ko ina gyaran shinge ko ina bin sawun ɓataccen maraƙi, har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba. Yadda abin ya faru kawai na sani.

Rugarmu tana yamma da Letlhakeng, can inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa. A shekarar da damina ta sake ƙin zuwa, rijiyar da ke kusa da mu ta koma gishiri, ko jaki ba ya sa mata baki. Ruwan da ya rage sai na burtsatsen ƙungiya, wanda gidaje da dama suka haɗa hannu suka haƙa, kuma nisansa ya fi ƙarfin saniya mai yunwa. Tun da shanu ba za su je wurin ruwa ba, dole ruwa ya zo wurin shanu.

Muna da wata tsohuwar a-kori-kura ƙarama, fara, da ɗan tankin ruwa mai taya biyu da take ja. Ba ta shan mai sosai, jarka ɗaya sai ta wuni da mu. Amma sai ta yi sawu uku kafin kwamin shanu ya cika, kuma duk sanda ta hau tudun rairayi da tanki a bayanta sai ka ji warin kulocinta yana ƙonewa. Yayana Dikgang shi ke tuƙa ta, ni ina gefensa da shebur.

Dikgang ya yi aiki a wurin haƙar ma'adinai kafin ya dawo gida, ya saba da manyan injuna, kuma mutum ne mai tunani kafin ya yi abu. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Babbar mota mai silinda takwas za ta ja tankin da ya ninka namu uku. Gaskiya ne tana shan mai fiye da ƙaramar, amma sawu ɗaya za ta yi maimakon uku, don haka a ƙarshe man ɗaya ne, ga hutu, ga ba fargabar mutuwar mota a tsakiyar daji. Na duba maganar ta kowace fuska ban ga inda ta karkace ba. Ya sayar wa maƙwabcinmu Kebonang ƙaramar motar tare da ɗan tankinta, ya haɗa da bijimai matasa masu yawa, ya tafi Gaborone.

Ranar da ya dawo, tun daga nesa muka ji gurnaninta. Mahaifinmu, wanda muke ce wa Ntate, ya taso daga gindin itacen da yake zama, ya zagaya motar da sandarsa yana ƙwanƙwasa tayoyin. Ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai duba hantsar saniya.

"Me take ci?" in ji shi.

"Dizal, Ntate. Kamar waccan."

"Na san dizal. Nawa take ci nake tambaya."

"Wanda ya sayar mini ya ce ba ta wuce gona da iri."

"A kan kwalta ya gwada maka ita, ko? Ba komai a bayanta?"

Dikgang ya yi dariya. "Na saka wannan a lissafi, Ntate. Na ƙara ma da rabi."

"To," in ji Ntate. "Ni dai ban taɓa ganin babban baki da ƙaramin ciki ba." Ya koma wurin sansa.

Wannan sa shi ne Tshumu, dandaƙaƙƙe, ja mai farin goshi, da ƙaho kamar hannuwan mai addu'a. Tun yana maraƙi Ntate ya ware shi ya ce shi ne na ranar jana'izarsa. A wurinmu ba a binne mai gida a sallami mutane da baki busasshe. Maza za su taru a bakin garke su yanka sa daga dukiyar mamacin, su dafa shi a manyan tukwane masu ƙafa uku har ya rabu da ƙashi, a daka shi, kowa ya ci da tuwon dawa kafin ya kama hanya. Shekaru bayan haka ba a tuna wa'azin da aka yi, amma ana tuna ko nama ya isa. Ntate ya halarci jana'izar wani abokinsa da aka raba wa mutane kabeji da ƙafar kaza. Tun daga nan yake kula da Tshumu da hannunsa. Da fari ya tsananta, sai ya riƙa fita da buhu yana tsinto masa kwanson 'ya'yan itacen ƙaya, yana rage ruwan wankansa yana ba shi a bokiti.

Da farko babbar motar ta yi abin da aka sayo ta dominsa. Mu fita da safe, mu rage iskar taya, ta shiga rairayi da tanki cike kamar ba ta ja komai. Kafin rana ta yi tsaka kwami ya cika, shanu sun sha sun kwanta. Idan muka wuce Kebonang yana tonon rairayi a ƙarƙashin tsohuwar motarmu, Dikgang kan tsaya ya ja shi, ya ce, "Rra, ka ba ta haƙuri, ta tsufa." Rra a wurinmu kamar a ce Malam ko Baba ne, Mma kuma Mama. A lokacin har Ntate ya daina magana.

Sai burtsatsen ƙungiya ya fara tari. Injin ya yi ta bugawa, bututun ya tofo ruwa ya tsaya, ya sake tofowa. Aka kira taro a ƙarƙashin rumfar injin. Mma Seipone, wata gwauruwa da ke riƙe da makullin wurin, ta ce daga yau kowane gida rabonsa ɗaya ne a wuni, kuma rabon bai wuce cikin ɗan tanki ɗaya ba. Wanda bai zo ya ɗauka ba, nasa ya wuce, ba a tara wa kowa.

Dikgang ya miƙe. "Mma, ni a ba ni na kwana uku a haɗe. Ruwan ɗaya ne, ban ƙara ko cokali ba. In zo sau ɗaya, in huta kwana biyu."

"Rijiyar ba ta san lissafinka ba, ɗana," in ji ta. "In na cika maka wannan rumbun naka, na bayanka a layi iska za su ja har yamma. Ka tambaye su in sun yarda."

Ba wanda ya yarda. Wani daga baya ya ce, "Wanda ya sayi giwa ai ya san inda zai shayar da ita." Aka yi dariya, ba ta mugunta sosai ba, irin ta mutanen da kowa ke da matacciyar saniya a bayan shingensa.

Daga ranar nan lissafin ya kife. Kullum sai mun je, da ƙatuwar mota da ƙaton tankin ƙarfe, mu dawo da ruwan da bai kai rabin cikinsa ba. Ruwan da bai cika tanki ba kuwa ya fi cikakke wahalar ja, don yana kai da komo a ciki yana fizgar motar, sai direba ya riƙa danna ƙafa. Ko ba komai a tankin, nauyinsa kaɗai ya isa kaya. Allurar mai ka gan ta tana sauka da idonka. Abin da ƙaramar ke sha a sawu uku, wannan tana shanye fiye da shi a sawu ɗaya, kuma ruwan da take kawowa na sawu ɗaya ne.

Yanzu Kebonang ke wuce mu. Sawu ɗaya da ɗan tanki ba ya wahalar da tsohuwar motar, tafiya take kamar an mayar mata da ƙuruciya. Ya sauke gilas ya ce, "Rra Lesedi, yaya amarya? Har yanzu tana ci da hannu biyu?" Lesedi 'yar Dikgang ce, da sunanta ake kiransa, wato Baban Lesedi.

Wata rana Dikgang ya haɗiye girman kai ya je ya same shi, ina tare da shi. Ya ce su yi musaya, ya ba shi babbar ya karɓi ƙaramar, ba ciko.

Kebonang ya cire hula ya sosa kai. "In kawo ta gida matata ta kore mu ni da ita? Ka yi haƙuri, Rra."

"To ka riƙa ɗauko mana namu ruwan. Ni zan sa mai."

"Yanzu ina ɗaukar nawa, ina ɗaukar na surukata, ina ɗaukar na Rra Pako tun da ya karye. Sawu uku ke nan. Kai ka san abin da sawu uku ke yi wa motar nan, kai ka sayar da ita saboda shi."

Gaskiya ya faɗa. Dikgang ya kai babbar motar Molepolole ya nemi mai saye. Ya dawo ya ce a kowane layi akwai irinta a ajiye da takarda a gilas. Kowa na son sayarwa, ba mai son ciyarwa. Man da ya ƙona a wannan tafiya kaɗai ya ishe mu jigilar ruwa na kwanaki.

Awaki muka fara sayarwa. Da suka ƙare muka koma kan shanun da ke da ɗan sauran nama. Akwai wani mahauci a Takatokwane, Rra Mosweu, mai zuwa da kejin ɗaukar shanu a bayan motarsa. Ya san halin da ake ciki, don haka yakan zo da jarkokin dizal, a yi ciniki a sauke su a bakin garke, ya ɗauki saniya ya tafi. Sai ka ga kamar saniyar ce ta narke ta koma jarka. Ntate yana zaune yana kallo, bai taɓa cewa "ai na faɗa" ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Zuwansa na ƙarshe, Rra Mosweu ya shiga garke ya zagaya, yana danna kwatangwalon wannan, yana ɗaga leɓen waccan. Ya fito yana kaɗa hannu.

"Ba abin da zan rataya a nan. Waɗannan in na yanka, fata da ƙashi zan sayar wa karnuka." Sai idonsa ya faɗa kan Tshumu, a ɗan shingensa na daban, yana tauna a natse, gashinsa na sheƙi. "Wancan fa? Wancan zan sauke muku duk abin da ke motata, in je in ƙaro."

"Wancan yana da mai shi," in ji Ntate daga inda yake zaune.

"Rra Dikgang, ai kowa da mai shi. Magana muke," in ji mahaucin, yana kiran Ntate da sunan ɗansa.

"Akwai ranar da za ka ci namansa, kyauta ma. Ka zo da wuri ka samu wurin zama."

Mahaucin ya yi dariya, ya mayar da jarkokinsa cikin mota, ya ce yana nan zagaye a rugagen yankin har ƙarshen mako in an sake shawara.

Bayan tafiyarsa Dikgang ya durƙusa gaban Ntate. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa haka ba tun muna yara.

"Ntate, man da ya rage na zuwa ɗaya ne. Bayan shi ba ruwa. Shanun nan duka naka ne, ba nawa ba. Sa ɗaya zai riƙe su har mu ga abin da sama za ta yi."

"Ka ce mota ɗaya za ta riƙe su."

"Na ce. Na yi kuskure ko ban yi ba, yanzu ba shi ne a gabanmu ba."

"Ta ci bijimaina. Ta ci awakin uwarku. Ta ci duk wadda ke da nama a jikinta. Yanzu ta ɗago kai tana kallon jana'izata."

"Wanda ya mutu ba ya jin yunwa, Ntate."

Na ji tsoron abin da zai biyo baya, amma Ntate bai ɗaga murya ba.

"Ni zan ci naman? Ina cikin akwati. Ku za ku tsaya a bakin ƙofa kuna raba wa mutane kabeji. Kai za a nuna da baki a ce ɗan wane ne, wanda ya binne ubansa kamar baƙo. Lesedi in ta tashi aure, dangin mijin za su tuna. Ba don cikina na ajiye shi ba, don fuskarku na ajiye shi." Ya juya ya kalli Tshumu. "Ban da haka ma, na gaya masa tun yana maraƙi cewa tare za mu tafi. Ba na saɓa wa dabba alkawari."

Dikgang ya tashi ya kaɗe gwiwarsa. A bayan mota ya same ni ya ce, "Otsile, in na kira Mosweu lokacin da tsohon ya tafi tsintar kwanso, za ka taya ni kora shi?"

Na ce ba zan taya shi ba. Na ce kuma ba zan hana shi ba. Ya dube ni ya ce, "Kai kullum haka kake, ba ka ruwa ba ka tudu." Bai kira mahaucin ba.

A gaskiya na kasa sanin wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Dikgang yana maganar masu rai, Ntate yana maganar abin da ke sa masu rai su iya haɗa ido da mutane. In aka bar garke ya mutu don sa ɗaya, ranar jana'izar za a ci nama a ƙoshi, washegari 'ya'yan mamacin ba su da ko maraƙi. In aka sayar da san, ba wanda ya yi mana alkawarin hadari. Mota za ta shanye shi kamar yadda ta shanye na baya, mu wayi gari ba sa, ba garke. Duk ta inda na biyo da maganar, sai in tarar da rami.

Muka yi zuwan ƙarshe. A hanyar dawowa motar ta fara shaƙewa tun kafin mu ga rufin bukkarmu, ta ja jiki da ƙyar ta mutu a bakin kwami. Shanu suka sha abin da ya samu. Washegari kwamin ya bushe, ƙudan zuma suka taru a ɗan danshin da ke gindinsa. Shanun suka jeru a jikinsa suna lasar siminti. Da rana ta ɗaga suka fara kuka, irin kukan da ba ya tsayawa. Zuwa wuni na gaba kukan ma ya ragu, wannan kuwa ya fi muni.

Aikinmu na safe ya koma ɗaga waɗanda suka kwanta. Saniya mai yunwa in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta, in kuma aka bar ta a kwance ta tafi ke nan. Mu zura itace biyu a ƙarƙashinta, ɗaya a ƙirji ɗaya a mara, mu ɗaga, mu riƙe ta har ƙafafunta su tuna aikinsu. Ntate da tsufansa shi ke riƙe wutsiya.

A safiyar da nake magana, wadda ta kwanta wata baƙar saniya ce, jikar saniyar da aka ba da a auren mahaifiyarmu ta dawo mana ta hanyar gado. Muka ɗaga ta, ta tsaya, muka zare itacen ta zube. Muka sake, ta sake zubewa. A na gaba ko kai ba ta ɗaga ba. Maraƙinta ya zo ya durƙusa yana tunkuɗar hantsar da ba komai a ciki.

Ntate ya saki wutsiyar. Ya tafi bukka ya fito da bokitinsa, da ɗan ruwan da ya rage daga durom ɗin shanmu, kamar yadda ya saba kowace safiya, ya nufi shingen Tshumu. Ya ajiye. San ya sa baki yana zuƙa a natse. Ƙarar zuƙar nan ta ratsa garken, sai duk wadda ke iya tafiya ta taso. Suka zo suka jeru a jikin shingen ƙayar, suna tura hanci ta tsakanin rassa, ƙaya na tsaga musu fuska ba su ja baya ba. Ba wadda ta yi kuka. Kallon bokitin kawai suke. Ntate yana tsaye a ciki tare da sansa, su kuma suna waje sun kewaye shi.

Ya daɗe a tsaye. Da bokitin ya ƙare ya ɗauka ya fito ya zo inda muke.

"Mahaucin nan yana yankin nan har yanzu?"

"Yana rugar su Kebonang," in ji Dikgang.

"In an zuba wa motar Tshumu, zai kai mu ina?"

Dikgang ya buɗe baki zai faɗi wani abu mai daɗi, ya fasa. "Zai kai mu wani wuri, Ntate. Ban san ko zai kai mu ruwan sama ba."

"Gara da ka faɗi haka. Otsile, je ka kira shi."

Na tafi a ƙafa, na dawo a motar mahaucin. Rra Mosweu ya sauke jarkokin a jere a gindin babbar motar, ya ja kejinsa da baya har bakin shinge, ya sauke katakon hawa. Bai yi raha ba wannan karon. Muka sa wa Tshumu igiya a ƙaho, mahaucin yana ja, ni da Dikgang muna turawa. San ya kafe ƙafafunsa huɗu a rairayi. Ya shinshini katakon, ya ji warin waɗanda suka hau kafin shi, ya ja da baya har ya kusa danne ni. Rra Mosweu ya ɗauko bulala daga mota.

"Ajiye wannan," in ji Ntate. "Ba a taɓa dukansa ba."

Ya shiga bukka ya fito da buhun kwanso. Ya kwance igiyar daga ƙahon ya jefar. Ya tsaya kusa da Dikgang, bai kalle shi ba, ya ce, "Ranar nan in ta zo, kada ku ci bashi don ku burge kowa. Ku dafa abin da kuka samu. Wanda ya tambayi ina nama, ku nuna masa motar."

Sannan ya cika tafinsa da kwanso, ya kira san da sunansa a hankali, ya taka katakon da baya, yana miƙa hannu. Tshumu ya bi shi ya hau.